Tashar Jamarat ta jirgin Masha'ir: yadda aka tsara ta da inda take wahalar da alhaji

Ga 'yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina da hamlarsu (kamfanin da ya shirya musu aikin Hajji) ta haɗa da jirgin ƙasa, tashar da za su fi mu'amala da ita a kwanakin jifa ita ce Mina 3, wadda kowa ke kira tashar Jamarat. Kada a haɗa wannan jirgi da na Haramaini mai tashi daga unguwar Rusaifa ta Makka zuwa Madina. Layin Masha'ir daban yake: kilomita 18 ne da ɗan kai, a kan gada yake tafiya, kuma kwana bakwai kacal yake aiki a shekara. Tashoshinsa tara ne, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, kuma Jamarat ce ta ƙarshe ta ɓangaren Makka.

Tarihin tashar a ɗaure yake da na gadar jifa. Bayan turmutsutsun watan Janairun 2006, wanda ya ci rayuka sama da 340, an rushe tsohuwar gada aka gina mai hawa biyar, tsawonta mita 950, faɗinta mita 80. Dabarar ita ce kowane hawa ya samu mutanensa daga wata hanya dabam, don kada jama'a su sake haɗuwa a bakin ƙofa guda. A 2009 aka bai wa kamfanin China Railway Construction kwangilar layin, a kan kusan riyal biliyan 6.65. Ya fara ɗaukar alhazai a watan Nuwamban 2010 da kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ya kai cikakken ƙarfinsa a 2011. Yanzu kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya, SAR, ke tafiyar da shi. Rabon fasinjojin jirgin a gadar shi ne hawa na huɗu.

Abin da ya fi burgewa shi ne lissafin da aka yi wa dandamali. Kowane jirgi tarago 12 ne, kowane tarago ƙofa biyar a gefe, ƙofa 60 ke nan. Dandamalin mai tsawon kusan mita 300 shi ma an yi masa shinge mai ƙofa 60, kowace tana daidai da ta jirgin, kuma ba ta buɗewa sai jirgi ya tsaya cak. Jirgi ɗaya mutum 3,000 yake ɗauka, wato 250 a tarago, 50 a kowace ƙofa. Wurin jira da ke bayan dandamali shi ma an auna shi da cikin jirgi guda. Don haka idan askar, wato jami'in tsaro, ya tare ka a ƙasa alhali kana hango sarari a sama, ba mugunta ba ce, adadin ya cika ne. Hanyar hawa daban, ta sauka daban, masu fitowa ba sa karo da masu shiga. Da wannan tsari layin ke iya kwashe mutum 72,000 a awa ɗaya, da jirage 17. A fannin hana cunkoso, tashar ta cancanci yabo ba tare da wani amma ba.

Wahalar tana wajen jirgin. Tafiyar kanta ba ta da yawa, tunda daga Arfa har Mina ma kusan minti 20 ne, ga sanyin na'ura a ciki. Amma kujeru kaɗan ne, yawanci a tsaye za a tafi. Wurin jira kuwa inuwa ce kawai da iskar Allah, kuma a shekarun da Hajji ya faɗo cikin zafi, irin 2024 da ma'auni ya haura digiri 50 a Makka, tsayuwar rabin awa cikin dubban mutane na iya kayar da tsoho ko mai ciwon suga. Bayan an sauka akwai tattaki mai tsawo a kan gangare kafin a kai Jamra ta farko, sannan hanyar jifa ba a juyowa a cikinta: a wuce ƙarama, ta tsakiya, Aƙaba, a fita ta gaba a zagayo zuwa tasha. Wanda ya ce bari ya koma ta inda ya shigo, za a mayar da shi, ya yi tafiya biyu. Akwai lifta da matakala mai tafiya da kanta, sai dai liftocin ba sa isar masu keken guragu a lokacin da jama'a suka yi yawa.

Yawancin matsalolin da ake kuka da su daga saɓa lokacin tafwij, wato jadawalin fitar alhazai rukuni-rukuni, suke tasowa. Kowace hamla an yanka mata sa'ar fitowa daga tanti. Idan ayari biyu suka yi gaban kansu suka taho da zawali, su haɗu da masu wannan sa'ar, sai a rufe ƙofar ƙasa, layi ya taru a rana. Ranar 12 ga Zulhajji ce mafi tsanani, domin masu gaggawa duk suna son su yi jifa su bar Mina kafin faɗuwar rana. Wanda zai iya kwana zuwa 13, ya fi samun tashar a sake.

Sai a lura kuma cewa jirgin ba kullum yake tsayawa a kowace tasha ba. A ranakun hawan Arfa da saukowa Muzdalifa, daga tasha ɗaya yake ɗauka ya sauke a tasha ɗaya, babu tsayawa a tsakani. A kwanakin jifa ma a tambayi jagoran hamla inda jirgin komawa zai tsaya kafin a shiga. Lambar tashar tantinka, Mina 1 ce ko Mina 2, ka riƙe ta kamar sunanka, don alhazai da yawa a nan suke ɓata.

Munduwar shiga jirgi, wadda ita ce tikiti, ta zauna a hannu, kada a sa ta a jaka, kada a cire ta wajen wanka. In babu ita, ba wucewa. Manyan kaya ba sa shiga jirgi, ba sa hawa gada. 'Yar jakar rataye ta isa: gorar ruwa, laima, magani, da tsakuwa, bakwai ranar Sallah, 21 a kowace rana bayanta. A zaga bayi tun a tanti. Masu iyali su tsaya a ƙofa ɗaya, su riƙe hannun tsofaffi, domin shingen yana rufewa da kansa, ba ya jiran wanda aka bari a baya. A kuma yanke tun farko cewa duk wanda ya rabu da sauran zai jira a ƙasan tashar da za a sauka.

Babban giɓin layin shi ne bai kai Harami ba. Mai niyyar ɗawafin ifada bayan jifa, daga Jamarat sai bas ko ƙafa ta hanyar masu tafiya a ƙasa, tafiyar awa ɗaya ko fiye. Mai tsoho a tare da shi ya shirya abin hawa da hamlarsa tun kafin ya bar tanti.