Wata uku da khal tuffa: abin da ya yi mini da abin da ya kasa

A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa na fara ganin kwalbar khal tuffa, wato ruwan tsamin da ake yi da tuffa, a hannun wata abokiyar aikina wadda kullum da safe take zuba cokali biyu a kofin ruwan ɗumi, ta rufe ido ta shanye, sannan ta yamutsa fuska ta ce da mu lafiya ake nema. Ta ce tumbinta ya fara sauka, kuma tun da ta fara sha ba ta ƙara jin kasalar safe ba. Ni malamar kimiyya ce, don haka na saba da yin gardama a kan irin waɗannan maganganu, amma gardama ba ta rage ƙiba, kuma a lokacin ma'auni yana nuna mini kilo 84. A farkon watan Nuwamba, hunturu yana shirin sauka Sakkwato, na biya wani shagon magungunan Musulunci da ke kusa da Babbar Kasuwa na ce a ba ni khal tuffa.

Mai shagon ya ɗauko mini iri biyu. Ɗaya garau yake kamar ruwan shayi, a ƙaramar roba, mai sauƙin kuɗi. Ɗayan kuwa a kwalbar gilashi yake, an shigo da shi daga Amurka, ruwansa da duhu-duhu, a ƙasansa akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo yana lilo. Ya ce wannan abin shi ake kira uwar khal, kuma a nan maganin yake. Daga nan ya shiga lissafo mini cututtuka: ciwon suga, hawan jini, teɓa, amosanin kai, ƙurajen fuska, sanyin mata, basur, har da warin baki. "Hajiya, wanga ko Manzon Allah ya yaba shi," in ji shi. Na duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, na biya kuɗin mai uwar, wanda ya ninka na ƙaramar robar sau da yawa, na tafi gida ina lissafin mudun shinkafa nawa na bari a shagon.

Kafin in kai shi baki sai da na tsaya a kan wata tambaya da nake ganin duk Musulmin da ya san yadda ake yin khal zai yi ta. Ana matse tuffa ne a bar ruwan da yis, yis ya cinye zaƙin ya mai da shi barasa, sannan wasu ƙwayoyin bakteriya su juya barasar zuwa sinadarin asetik, wanda shi ne tsamin da ke bugun hanci. A yawancin kwalaben da ake sayarwa wannan sinadari kashi 5 ne cikin 100, saura kusan duk ruwa ne, ita kuwa uwar da ake ƙara wa kuɗi saboda ita tarin waɗannan ƙwayoyin ne da ba a tace ba. To, abin da ya bi ta hanyar barasa ya halatta a ci? Maigidana ya kai tambayar wurin malamin da yake ɗaukar karatu bayan Magariba, aka amsa masa cewa khal halal ne, domin abin ya riga ya canza daga asalinsa kuma ba ya sa maye, saɓanin da ke tsakanin malamai a kan mutumin da ya ajiye giya ne ya juya ta da gangan. Malamin ya kuma karanta masa hadisin da mai shago ya yi ishara da shi, wanda ke cikin Sahihu Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi iyalinsa abin haɗawa da abinci, suka ce ba mu da komai sai khal, ya sa aka kawo, ya ci da shi yana cewa madalla da khal a matsayin mahaɗi.

Na daɗe ina juya wannan hadisi a raina, domin abu biyu ne suka fito mini fili. Na farko, ba a ambaci tuffa a cikinsa ba, khal kawai aka ce, kuma ana yin khal da dabino da inabi da rake da wasu abubuwa da dama. Na biyu, yabon da aka yi masa na abin ci ne da gurasa, kamar yadda mu za mu ce madalla da yajin ƙuli a kan masa. Gaskiya ne likitocin Musulunci na da, irin su Ibn Sina, sun yi aiki da haɗin khal da zuma da ake kira sakanjabin, don haka shigarsa cikin magani tsohon abu ne. Amma jingina wa hadisi jerin cututtuka takwas aikin ɗan kasuwa ne, kuma ina ganin ya kamata masu shaguna su ji tsoron Allah a kan hakan.

Kuskuren makon farko nawa ne. Na bi tsarin abokiyar aikina, babban cokali biyu a rabin kofin ruwa, da sassafe, ciki babu komai. Kwana na uku ƙwannafi ya taso mini ina tsakiyar darasi, ƙirjina yana zafi kamar na haɗiye garwashi, sai da na zauna na ba ɗalibai aikin rubutu. Zuwa ƙarshen mako haƙorana sun mutu, irin mutuwar da suke yi idan yaro ya cika tsotsar ɗanyar tsamiya, ruwan randa ma na kasa kurɓa sai da dabara. Abin kunyar shi ne ni ce nake koya wa yara cewa tsami yana cin farin rufin haƙori, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na huta kwana huɗu, sannan na sake tsari: babban cokali ɗaya, wato mililita 15, a cikin babban kofi cike da ruwa, sau ɗaya a rana, tare da abincin rana, ina zuƙa da siririn bututun shan lemo don kada ya wanke haƙoran gaba, in kurkure baki da ruwa bayan na gama, kuma ba na goge baki sai an ɗan jima. Da wannan tsarin ƙwannafin bai dawo ba. Duk da haka, wanda yake da gyambon ciki ba zan ba shi shawarar ko gwadawa ba.

Batun ƙiba, wanda shi ne ya kai ni shagon, ga yadda ya kasance. Ina hawa ma'auni kowace Asabar da safe ina rubutawa a bayan littafin shirin darasi. Bayan mako 12 na sauko daga kilo 84 zuwa 82 da rabi. Siket ɗina bai san an yi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne nakan ƙoshi da wuri, malmalar tuwon shinkafa ɗaya da rabi ta ishe ni a inda da nake cin biyu, kuma ban tabbata ba ko khal ɗin ne ya riƙe abincin a ciki, ko kuwa ɗan tashin zuciyar da tsaminsa ke sa ni ne ya rage mini marmari. Wannan sakamako bai yi nisa da abin da aka samu a binciken da aka fi ambata ba, wanda aka buga a Japan a 2009. An ɗauki mutum 175 masu ƙiba, wasu suka sha mililita 15 a rana, wasu 30, wasu kuma abin sha marar khal, tsawon mako 12. Masu shan khal sun rage tsakanin kilo 1 zuwa 2, kuma mako huɗu da dainawa nauyin ya koma inda yake. Masu binciken ma ma'aikatan wani kamfanin yin khal ne. Kilo ɗaya da rabi a wata uku kuwa, duk matar da ta daina shan lemon kwalba ta riƙa taka ƙafa daga Mabera zuwa kasuwa za ta zubar da fiye da haka ba tare da ta kashe haƙoranta ba.

Inda abin ya so ya zama babba shi ne wajen mahaifiyata, wadda ta shekara tara tana shan maganin suga. Ta ga kwalbar a gidana, kuma ashe labari ya riga ya kai mata a wurin wani biki. "Ɗiyata, an ce wanga ruwa shina kashe suga. In na samu shi, mi za ni yi da ƙwayoyin asibiti?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri har ranar ganin likita, mu tafi da kwalbar." Maganar ba ta rasa tushe ba gaba ɗaya, domin wani ƙaramin bincike da aka yi a jami'ar jihar Arizona ta Amurka a 2004, da mutane ƙasa da 30, ya nuna cewa shan khal dab da cin abinci mai sitaci yana rage yadda suga ke tashi bayan cin abincin. Amma rage tashin suga na awa ɗaya ko biyu daban, warkar da ciwon daban. Likitan ya saurare mu da kyau, ya ce ba ya hana ta ɗan yayyafa shi a abinci, amma kada ta kuskura ta ajiye ƙwaya ko ɗaya, kuma kada ta mai da shi abin sha na kullum, domin cikin magungunanta na hawan jini akwai mai sa yawan fitsari, wanda dama yana rage sinadarin fotasiyam a jini, yawan khal kuma yana iya ƙara rage shi. A littattafan likitanci akwai labarin wata mata 'yar shekara 28 a ƙasar Ostiriya da ta shekara shida tana shan kimanin mililita 250 a kullum, aka kwantar da ita fotasiyam ɗinta ya faɗi, ƙasusuwanta sun yi rauni kamar na tsohuwa. Inna ta ji bayanin likita, ta ce to ita dama tsamin bai yi mata ba.

A wajen gyaran jiki ne na samu abin da zan yaba da gaske, kuma a kai ne. Duk hunturu amosani yana damuna, ga ƙaiƙayi a ƙarƙashin kitso, ga farin gari a kan kafaɗar hijabi mai duhu. Ranar da na tsefe kai, bayan na wanke da sabulun gashi, sai in haɗa babban cokali biyu na khal da ruwa kofi biyu, in zuba a hankali ina murza fatar kan, in bar shi minti uku, in ɗauraye. Tun wanki na biyu ƙaiƙayin ya lafa, gashin ya yi laushi, mataji yana wucewa ba tare da fizga ba, har mai yi mini kitso ta tambaye ni wane mai na canza. Ina ganin dalilin a fili yake: sabulu da ruwan rijiyarmu suna barin wani dafkin abu a gashi, tsami kuma yana narkar da shi ya kwantar da jikin silin gashin. Amosanin bai tafi duka ba, ya dai ragu sosai, kuma idan na yi wanki biyu ban yi ɗaurayar ba yakan dawo. Warin yana nan har gashin ya bushe, don haka ranar da za a fita unguwa ba ranar khal ba ce, sai dai a bi shi da turaren wuta.

Fuska kuwa ta ba ni darasi. Wani ƙurji ya fito mini a haɓa ana saura kwana biyu bikin ƙanwar maigidana, na jiƙa auduga da khal tsantsa na manna a kai na kwanta, kamar yadda na ji ana yi. Da asuba wurin ya yi ja ya saluɓe, daga baya ya zama baƙin tabo wanda ya fi wata ɗaya kafin ya dushe, alhali ƙurjin da kansa da ya mutu cikin kwana huɗu. A fata irin tamu ƙuna ko ƙanƙanuwa ce tabo take bari. Na gwada jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da khal saboda kaushi, ya rage warin takalmi, amma inda faso ya tsage zafi ya yi mini kamar an zuba barkono, kuma man kaɗanya da safa da daddare sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Maganar sanyin mata da mai shago ya yi ban ko kusance ta ba, kuma ina roƙon 'yan'uwana mata kada su yi tsarki ko matsi da shi, domin abin da ya saluɓe fatar haɓa ba a tambayar abin da zai yi wa wurin da ya fi ta laushi. Mai fama da ƙaiƙayi ko fitar ruwa ta je a yi mata gwaji a ba ta maganin da ya dace da abin da aka gani.

Da kwalbar ta kusa rabi sai ta koma madafa, kuma a can ta fi zama daidai. Ƙaramin cokali ɗaya a kwaɗon zogale yana tashin ɗanɗanon ƙuli-ƙuli, albasa da aka yanka aka jiƙa a cikinsa minti goma tana rage yaji ta yi daɗi a kan dambu ko gasasshen nama, naman da aka shafa masa shi da tafarnuwa kafin a soya kuma ƙarninsa yana raguwa. Sai dai na gwada ƙaramar robar nan mai araha da na raina a shago, wadda maƙwabciyata take da ita, a kwaɗo da kuma a gashi, ban ga bambancin ko ƙwayar gero tsakaninta da mai uwar ba, domin tsamin ne ke aikin kuma kashi 5 ne a duka biyun. A kwaɗo ma lemun tsami na naira kaɗan yana yin kusan abin da yake yi.

Shan khal ɗin na daina shi tun ƙarshen Janairu, kilo ɗaya daga cikin ɗaya da rabin nan kuma ya riga ya dawo gida. Abokiyar aikina har yanzu tana rufe ido tana shanyewa, na dai samu ta yarda ta ƙara ruwa ta kuma sayi bututu. Idan wannan kwalbar ta ƙare ƙaramar robar zan saya, rabi in ajiye kusa da man gyaɗa, rabi in juye a wata roba in kai banɗaki saboda ranar tsifa.