Wace waya za ka ja daga allon sarrafawa zuwa na'urar rarraba sigina?

Mai haɗa ɗakin talabijin ko na rediyo a Maraɗi yakan zuba kuɗi kan na'urar rarraba sigina, wato mai tura hoto ko sauti inda aka umarce ta, ya manta da wayar da ke kai mata umarni daga allon maɓallai. Ba hoto take ɗauka ba, ba sauti ba, saƙo ne kawai: ɗauki kyamara ta biyu ka sa a iska. Ranar da ta yi gardama, hoto na fita lafiya lau amma ba ka da ikon canza shi.

Hanyoyin haɗin waya huɗu ne a gabanka: RS-232, USB, Ethernet da RS-422. RS-232 a bar ta, mita 15 ta gaji. USB ta saiti ce a kan tebur. Ethernet, wayar haɗa kwamfutoci, ba laifi, ita sababbin na'urori irin su Videohub na Blackmagic suka fi karkata gare ta, sai dai iyakarta mita 100, kuma in wuta ta ɗauke ta dawo sai ka jira suwic, akwatin da wayoyin Ethernet ke haɗuwa a ciki, ya farfaɗo.

Ni dai RS-422 nake so, in na'urar tana da ƙofarta. Kowane saƙo a kan zare biyu murɗaɗɗu yake tafiya, hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayan, mai karɓa ya soke ta. Shi ya sa take kai wajen mita 1200, kuma tana jure zama kusa da injin watsa FM da janareta. Ba ruwanta da lambar IP, adireshin da ake ba kowace na'ura a kan Ethernet. Abin lura ɗaya: kan wayar mai fil tara da ake kira DB9 iri ɗaya ne a ido, amma jerin fil ɗin yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Buɗe littafin na'urar kafin ka ɗora dalma, fil mai aikawa ya haɗu da fil mai karɓa.

Amma duk wadda ka zaɓa, jabun waya za ta kashe maka aiki. Kwalin mita 305 an buga masa Cat6, sunan wani ajin wayar Ethernet, da manyan baƙaƙe, cikinsa alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe. An taɓa kawo mana irinta daga wani shago da rantsuwar cewa asali ce. Da zafin bazara ya kama, zaren ya karye cikin RJ45, wato kan wayar Ethernet da ake sokawa a na'ura, allo ya ƙi amsawa ana tsakiyar labarai.

Ka shiga kasuwa da reza a aljihu. Ce wa mai shago, "Alhaji, a yanko mini ɗan guntu." Kankare zaren: in fari ya bayyana a ƙasa, ajiye musu kayansu. Kanga masa ashana: jan ƙarfe na gaske baƙi kawai zai yi, jabu kuwa lanƙwashewa yake ya zube. Ɗaga kwalin ma, jabu ba ta da nauyi. Wanda ya hana ka yanka guntu, wuce shago na gaba.