Shafukan intanet ko littattafan kotun gunduma: wanne zai tsallake da ku 1870?

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka. Maiɗakinka baƙar fatar Amurka ce, kakanninta daga jihar Virginia suka taso kafin su koma Chicago. Kun bi sunayensu a intanet har zuwa shekarar 1870, daga nan sawu ya ɓace. Yanzu kana so ka ji ko ku ci gaba da biyan kuɗin shafin, ko ku koma ga takardun gundumar da suka zauna, wadda can ake ce wa kawunti. A ganina ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a inda kuka tsaya ɗin nan, na gunduma ya fi muku amfani nesa ba kusa ba.

Mu fara da shafukan. Ancestry na kuɗi ne, FamilySearch kyauta ne, cocin Mormon da ke Salt Lake City ke tafiyar da shi. Ƙarfinsu duka yana kan ƙidayar jama'a ta gwamnatin tarayya, wadda ake yi duk shekara goma tun daga 1790. Ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 sai a 2022 ta fito. Kana zaune a ɗaki za ka rubuta suna, ka ga gidan da mutum yake, shekarunsa, sana'arsa da jihar da aka haife shi. Wajen sauri da bin mutanen da suka yi ƙaura daga wannan jiha zuwa waccan, babu kamarsu. Magatakardan kotu a Virginia bai san wanda ya tafi Chicago ba, ba kuma aikinsa ba ne ya sani.

Amma ƙidaya tana da ramuka, kuma biyu daga ciki sun shafe ku kai tsaye. Ta 1890 gobara ta ci kusan dukkanta a Washington a 1921, don haka daga 1880 sai 1900: yarinyar da aka haifa a 1881 za ta iya girma, ta yi aure, ta canza suna ba tare da ta taɓa bayyana a gidan ubanta ba. Na biyun shi ne wanda kuka ci karo da shi. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta waɗanda aka 'yanta a ƙarshen bauta da sunayensu. A 1850 da 1860 bayi suna da nasu jerin daban, inda ake sa sunan ubangida, sannan shekarun kowane bawa, namiji ne ko mace, da launin fatarsa. Babu suna. Ko nawa ka biya shafin, ba zai fito maka da sunan da mai ƙidaya bai rubuta ba.

Littattafan gunduma kuwa ba don ƙirga mutane aka buɗe su ba, don dukiya da shari'a aka buɗe su: wasiyya, rabon gado, cinikin fili, haraji, aure, ƙararraki. Abin baƙin cikin kuma, wannan ne ya sa sunayen bayi suke ciki, domin doka a matsayin dukiya ta ɗauke su. Idan ubangida ya mutu, kotu takan sa a lissafa abin da ya bari, kamar yadda ake yi a wajenmu kafin a raba gado, sai ka ga sunan mace da 'ya'yanta da farashin kowannensu, a shafi ɗaya da dawakai da kayan ɗaki. Ka shirya wa maiɗakinka zuciya kafin ta ga irin wannan shafi. Ba abin da ake karantawa ana shan shayi ba ne. Idan magada suka yi rigima har ta kai kotu, fayil ɗin yakan fi kowace takarda bayani, saboda shaidu sukan faɗi wane ne ya haifi wane, da wanda aka sayar, da inda aka kai shi.

Kun yi sa'a da Virginia ta fuska uku. Daga 1853 zuwa 1896 gundumomin jihar suna rubuta haihuwa da mutuwa, kuma har zuwa ƙarshen bauta a 1865 ana shigar da haihuwar bayi, sau da yawa da sunan uwa da na ubangida. Daga 1853 ɗin nan kuma rajistar aure tana ɗauke da sunayen iyayen ango da na amarya, wato mutumin da aka haifa cikin bauta ya yi aure a 1875 yana iya faɗa muku sunan uwarsa da ubansa da bakinsa. Sai kuma dokar 1866 da ta halatta auren waɗanda suka riga suka zauna tare tun suna bayi. An buɗe musu rajista mai sunan miji da mata, 'ya'yansu, da ubangidan ƙarshe na kowannensu. Ba ta kowace gunduma ce ta tsira ba, amma idan ta taku tana nan, ita kaɗai za ta iya tsallake da ku 1870.

Raunin littattafan gunduma ma ba ƙarami ba ne. Sau da yawa sai kun san gundumar tukuna. Iyakoki sun sha canzawa, kuma takarda takan zauna a gundumar da aka rubuta ta, ko da garin ya koma ƙarƙashin wata daga baya. Ɗakin karatu na Newberry a Chicago yana da taswirar da ke nuna iyakar kowace gunduma shekara bayan shekara. A Virginia kuma birane da yawa ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, kotunsu daban. Ga wuta: lokacin yaƙin basasar Amurka wasu gundumomi sun kai littattafansu Richmond, babban birnin jihar, don a adana, suka ƙone a can a watan Afrilun 1865. Hanover, Gloucester da James City suna cikin waɗanda suka yi wannan asara. Ga kuma rubutun hannu na ƙarni na 19, wanda sai an yi haƙuri kafin ido ya saba da shi.

Kafin ku sayi tikitin jirgi, ku san cewa ba duka ke buƙatar tafiya ba. FamilySearch ya ɗauki hoton ɗimbin littattafan gundumomi, sai dai da yawa ba a tsamo sunayen da ke ciki ba, don haka ba lallai ne akwatin bincike ya nuna su ba. Ku shiga ta sunan gundumar, ku buɗe littafin ku bi shi shafi-shafi. Babban ɗakin karatun jihar da ke Richmond shi ma ya ɗora fayilolin ƙararrakin gado da rajistar 1866 da suka tsira, kyauta. Abin da ba ku samu a nan ba, shi za ku rubuta wa magatakardan kotun gundumar a kansa, ku faɗi suna, shekara da irin takardar da kuke nema, ku biya kuɗin kwafi. Ba zai yi muku bincike ba, abin da kuka ambata kawai zai ciro.

Da ni ne, zan bar biyan kuɗin shafin na wani lokaci, in koma shafin ƙidayar 1870 inda kuka ga kakannin. In duba gidajen da ke gaba da bayansu, in rubuta sunayen fararen fata masu filaye a unguwar, domin mutane da yawa ba su yi nisa da gonar da suka yi bauta ba a shekarun farko. Sai in nemi waɗannan sunaye a jerin masu bayi na 1860, in ga ko shekarun bayin sun dace da na mutanenku, sannan in bi wasiyya da rabon gadon wannan gida a littattafan gunduma. Kada ku tsaya kan sunan dangi kawai. Wasu sun ɗauki sunan ubangidan ƙarshe, wasu na wanda ya mallaki iyayensu tun farko, wasu kuma sun zaɓi sabo gaba ɗaya, har akan samu 'yan uwa ciki ɗaya kowa da nasa.