Man shafawar wata baiwar Allah a Agege: mai kaurin ya yi, mai ruwan da saura

Wata baiwar Allah ce a unguwarmu nan Agege take haɗa man shafawa a gida. Kala biyu take yi: mai kauri da ake buga man kaɗe da man kwakwa, sai mai ruwa-ruwa na kwalba. Duka biyun mun shafa, ni da yara.

Mai kaurin dai sai son barka. Ɗanyen man kaɗe ne daga jihar Neja, warinsa na asali yana nan, ni kuwa ba ya damuna. Kaushin ƙafata ya kwanta, gwiwoyin yara sun daina yin furu-furu. Babu ɗigon ruwa a cikinsa, shi ya sa yake daɗewa. Amma ba man shafawa da rana ba ne a Legas. Iskar garin nan cike take da laima, ba hunturun Kano ba ne. Ki shafa da safe ki shiga motar haya ta danfo, kafin Oshodi kin jiƙe sharkaf da gumi. Da daddare bayan wanka nake shafa shi.

Matsalarsa narkewa. Man kwakwa tun a wajen digiri 24 yake sakin jiki, ɗakunanmu kuwa sun fi haka zafi. Da rana haɗin ya narke, da dare ya kama a hankali, sai man kaɗen ya fito da ƙwayoyi kamar tsaki. Da na nuna mata, ta ce, "Hajiya, bai lalace ba. Ɗora robar a ruwan zafi ya narke gaba ɗaya, ki sa a firij ya kama da sauri." Ya kuwa dawo sumul. A zubi na gaba ta rage man kwakwa, ta ƙara ɗan kakin zuma, ya fi jure zafi.

Mai ruwan ne ya tayar mini da hankali. Ba a jima ba mai ya taso sama, ƙamshi ya juya, funfuna ta fito a bakin murfi. Na tambaye ta abin da take sawa don kada ya ɓaci, ta ce bitamin E. Shi kuwa aikinsa jinkirta lalacewar mai ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, alhali irin wannan man fiye da rabinsa ruwa ne. Sai an sa ainihin sinadarin hana lalacewa, an auna shi a sikeli, ba da cokali ba. Masu sayar da kemikal a Ojota suna da shi.

Na gaya mata gaskiya, ta kuma saurara. Kafin ta gyara, ba zan shafa wa yarana shi ba. Mai kaurin kuwa na riga na sa ta ajiye mini babbar roba.