Wigmore Hall da safiyar Lahadi: goge huɗu, babu lasifika

Duk ɗan uwan da ke zaune a Landan, ko ya shigo na ɗan lokaci, idan ya tambaye ni inda zai ji kiɗan gogen Turawa ido da ido, wuri ɗaya nake tura shi: Wigmore Hall, 'yar tafiya kaɗan da ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bond Street. Kuma nakan ce ya nemi zaman safiyar Lahadi, wanda ake farawa da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Kimanin awa ɗaya ne, babu hutu a tsakani, ka fito ka tarar da azahar.

Zauren ƙarami ne, kujeru wajen 550. Kamfanin Bechstein na Jamus, masu ƙera fiyano, su suka gina shi, aka buɗe a 1901 da sunansu. Lokacin yaƙin duniya na farko aka ƙwace shi a matsayin dukiyar abokan gaba, aka yi gwanjonsa a 1916, ya sake buɗewa a 1917 da sunan da yake amsawa yau. Ƙanƙantarsa ita ce darajarsa, domin irin wannan kiɗa tun asali don ɗaki aka tsara shi. Mutum huɗu ne ke zama a ƙarƙashin wata rabin ƙubba: biyu da ƙananan goge, ɗaya da biyola mai ɗan kaurin murya, ɗaya da celo da ake jingina wa ƙirji a zaune. Babu madugu a gabansu, babu lasifika. Duk da haka daga kujerar baya ina jin numfashin da mai goge na farko yake ja kafin su fara, wanda shi ne alamar da sauran ke jira. Har kartar izgar doki a kan tsirkiya ana ji, sautin da duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge a gida ya sani.

A zuwana na baya-bayan nan da kiɗan Haydn, mawallafin kiɗa ɗan Ostiriya, aka buɗe, na uku cikin kaɗe-kaɗensa shida na goge huɗu da ake kira Opus 76, waɗanda ya rubuta wajen 1797. Kashi na biyu shi ya fi tsaya min a rai. Haydn ya ɗauko karin da ya yi wa Sarki Francis na Biyu mai mulkin Ostiriya, wanda a yau shi ne karin taken ƙasar Jamus, ya maimaita shi sau huɗu bai sauya masa komai ba. Abin da ke sauyawa shi ne wa ke riƙe da shi. Goge na biyu ya fara ɗauka, na farko yana ta yi masa ado a sama. Sai celo ya karɓa. Daga nan biyola, wadda ta saba zama a tsakiya ba a kula da ita, ta fito da shi da wata murya mai ɗan dishi-dishi, kafin ya koma hannun goge na farko. A faifai na sha jin wannan, amma a zaure ka ga karin yana ƙaura daga kujera zuwa kujera, ka ga wanda ya miƙa ya sassauta hannunsa ya koma rakiya. Kamar hirar dattawa ce a zaure, kowa ya san lokacin maganarsa da lokacin shirunsa. An ruwaito cewa a kwanakinsa na ƙarshe a 1809, Haydn wannan karin yake ta kaɗawa a fiyanonsa, kuma da na ji shi a haka na gane dalili.

Sai suka shiga kiɗan goge huɗu na takwas na Shostakovich, mawallafin kiɗa na Tarayyar Sobiyat, yanayin ɗakin ya juya gaba ɗaya. Cikin kwana uku ya rubuta shi a watan Yuli na 1960, a kusa da Dresden, birnin da bama-bamai suka ragargaza a 1945, ya kuma sadaukar da shi ga waɗanda mulkin fasist da yaƙi suka ci. Celo ne ke buɗewa shi kaɗai da sauti huɗu da ke wakiltar haruffan sunan mawallafin, sauran suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kashi biyar ne a haɗe, ba a tsayawa. A na huɗu, goge na farko yana riƙe da sauti ɗaya siriri, sauran ukun suna sauko masa da bugu uku-uku masu ƙarfi. Wasu na cewa ƙarar bama-bamai ce, wasu na cewa ƙwanƙwasa ƙofar 'yan sandan ciki ce da tsakar dare. Ni ta biyun nake ji. Dattijuwar da ke kusa da ni sai da ta damƙe hannun kujerarta. Da aka gama, makaɗan suka bar izgarsu a kan tsirkiya, aka ɗauki lokaci babu wanda ya tafa.

Masu sauraron zauren nan suna daga cikin abin da kuɗinka ya saya. Sun iya shiru, ko tari mutum yakan riƙe shi sai an kai gaɓa. Baƙo ya lura, ba a tafi a tsakanin kashi da kashi, sai an kammala duka. Ba a kuma tilasta wa kowa wata shiga, na sha zuwa da kaftani da hula.

Bayan an tashi ana ba da kofi ko ɗan kofin giya, duk a cikin kuɗin tikiti, don haka a duba kafin a miƙa hannu. Na Lahadin ya fi na dare sauƙin kuɗi, kuma waɗanda ba su kai shekara 35 ba suna samun tikitin fam 5 a wasu zaɓaɓɓun ranaku. A yanka da wuri, musamman idan na ƙarshe-ƙarshen Beethoven ne a jadawali ko na Schubert mai celo biyu, domin kujerun ba sa jira. Wanda yake Kano ko Damagaram kuma, suna watsa wasu daga cikin zaman kyauta ta intanet. Ya sa abin saurare a kunne, lasifikar waya tana cinye muryar celo.