Rumfar Baba mai furanni a Ikeja: na sayi irin kosmos, ga yadda ta kaya

Gidan haya muke zaune a Agege, hawa na biyu, ko taku ɗaya na ƙasa ba mu da shi sai baranda. Ni kuwa a Zariya na tashi, gidan da ake shuka lalle da rama a tsakar gida, shi ya sa rashin ganin tsiro yake damuna ƙwarai. A watan Oktoba na tsaya wurin wani dattijo Bahaushe da ke sayar da furanni a bakin titi a Ikeja, na ce ina son abin da zai yi fure a bokiti, kuma ba zai ci mini kuɗi ba.

Sai ya ɗauko irin wani fure da ake kira kosmos, kala biyu. Ɗaya a fakitin waje mai hoton fure fari da ruwan hoda, ɗayan a ƙulle cikin leda, wanda ya tara da hannunsa, mai fure ruwan lemo. Idona na kan fakitin. Ya ce, "Hajiya, wannan na ledar ya fi jure zafin Legas, kuma ya fi araha." Na ce, "Baba, a ba ni duka biyun." Na nemi kashin kaji in haɗa, ga buhuna nan jibge a gabansa, ya hana ni. Ya ce kosmos in ta samu taki da yawa ganye za ta yi ta fitarwa, fure kuwa sai kaɗan. Mai kaya ya ƙi karɓar kuɗinka don amfaninka, a garin nan ban saba gani ba, kuma abin ya shiga raina.

Bokitan fenti huɗu na wanke, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi, na shuka irin sama-sama. Cikin mako guda na ledar ya fito kusan duka. Da ya kai kamu ɗaya na tsinke kan kowane tsiro kamar yadda Baba ya koya mini, sai ya yi rassa. Kafin wata biyu baranda ta cika da fure, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna ta zarya tun hantsi. Duk furen da ya bushe nakan cire shi, wani ya fito. Asalin shukar nan daga Mekziko take, rana take so sosai, awa 6 ko fiye, kuma barandata gabas take kallo, har azahar rana ba ta barinta.

Na fakitin bai yi mini daɗi ba. Rabi ne ya tsiro, ya yi tsawo siriri, iska ta kwantar da shi sai da na kafa masa kara. Furensa kyakkyawa ne, ganyensa kamar gashin tsuntsu, amma wani farin fumfuna ya kama shi saboda laimar garin nan, ga shi na cusa su da yawa a bokiti ɗaya. Cunkoson laifina ne.

Inda rumfar ta gaza shi ne ƙasa. Buhun da na saya yumɓu ya yi masa yawa, in na yi ban ruwa sai ruwan ya kwanta, tsiro biyu suka ruɓe. Da na koma na faɗa, Baba bai yi musu ba, ya ce yaronsa ne ya haɗa, ya ɗebo mini yashi kyauta in gauraya. Duk wanda zai je ya damƙi ƙasar a hannu tukuna, in ta dunƙule ta ƙi wargajewa ya ce a ƙara yashi.

Yanzu na tara nawa irin a kwalba, maƙwabciyata Bayarabiya ma ta karɓi cokali guda. Ranar Asabar zan koma wurin Baba, tukwanen ƙasa nake so in gwada, don bokitin roba yana ɗaukar zafi da tsakar rana.