Kabin biskit ɗin nan daɗewa kawai ya iya

Ta fannin daɗewa kam ba ni da ƙorafi. Katan guda na saya wa yarinyata da za ta koma makarantar kwana, da damina ne ma, amma bai yi fumfuna ba, bai yi laushi ba, ko kiyashi bai shiga ledar ba. Busasshe ne ƙayau, dama asalinsa guzurin matuƙa jirgin ruwa ne masu yin watanni a teku. Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya saya.

Amma ranar ziyara wallahi raina ya ɓaci. Na tarar da ita ta rame, wuya duk ya fito, tana ce min Umma bayan gida da ƙyar nake yi. Ashe ta daina zuwa karin kumallo, biskit ɗin take jiƙawa a ruwa ta zuba suga ta sha, kafin a fita tara yunwa ta dawo. Kuma mai shagon da bakinsa ya rantse min wai yana riƙe ciki kamar tuwo, wai har madara akwai a ciki. Na juya bayan ledar na karanta, fulawa ce da suga da mai da gishiri, madarar a hoto kawai take!

Irin wannan biskit giram 100 yana ba da kalori sama da 400, ƙarfi ne na ɗan lokaci, amma furotin ɗin da ke gina jikin yaro bai kai giram 10 ba, kuma fulawar an cire mata dusa, shi ya sa ciki ke cushewa. Na san doka ta sa ana ƙara bitamin A da sinadarin ayan mai ƙara jini a fulawar Najeriya, to amma wannan ba zai maye wake ko ƙwai ba. Biskit ɗin da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, ke rabawa a sansanin 'yan gudun hijira daban ne, shi an haɗa shi da bitamin da furotin mai yawa, kar mai shago ya ruɗe ku ya ce duk ɗaya ne.

Ga tauri kuma, ƙaninta mai famfarar haƙori ko gutsura ya kasa.

Wannan zangon ƙuli-ƙuli na haɗa mata da soyayyar gyaɗa da dabino da garin kunu, biskit leda biyu kawai na sa, na ce sai in za ta sha shayi.